Tsibirin Da Ba A Karɓar Yara

Litinin, da safe, kafin majinyata su fara zuwa

Matar ofishin shirya tafiye-tafiye ta sake kira. Ta ce, "Likita, har yanzu ina riƙe muku da ɗakin, amma masu otal ɗin sun fara matsa mini. A tabbatar ne?" Na ce mata ina tsakiyar aiki. Ƙarya nake yi, babu kowa a kan kujerar cire haƙori, Sista ma tana can ciki tana tafasa kayan aiki.

Tsibiri biyu ta nuna mana tun farko. Ɗaya na iyali ne: farin rairayi, itatuwan kwakwa, ruwan bakin gaɓa bai wuce gwiwa ba, akwai masu kula da yara, har da wurin da ake kai su su ga ƙananan kunkuru suna rarrafawa zuwa teku. Ɗayan na ma'aurata ne zalla. An kafa ɗakunan a kan turaku a tsakiyar ruwa, an sa gilashi a ƙasan ɗaki, kana kwance kana kallon kifi. Can ba a karɓar yara, ko da kuwa ɗan mai otal ɗin ne.

Mu uku muka zauna muka zaɓi na iyali, ni da Madam da Aku. Yanzu Aku ba ta gidan, ni kuma na kasa gaya wa matar.

Talata, da yamma

Na sayo madarar da Aku take so a hanya. Sai da na buɗe firij na tuna. Na tura ta can baya, bayan robar ruwa, kada Madam ta gani.

Madam ta gani. Ba ta cewa komai kwanan nan sai "abincinka na kan tebur" da "an kawo takardar wuta". Shekara goma sha bakwai muna tare, ban taɓa sanin tana da irin wannan shirun a ajiye ba.

Ni na sa wa yarinyar suna Aku. 'Yar ƙanwar Madam ce, an kawo mana ita a zanin goyo bayan Allah ya yi wa uwarta rasuwa, mu kuma Allah bai ba mu namu ba. Tun da ta fara magana ba ta ajiye ba. A mota surutu, a banɗaki surutu, har da buroshi a baki sai ta ba ka labarin wanda aka daka a ajinsu. Sau nawa na ce mata, "Ke, ki bar kunnena ya sha iska." To, ga shi yana sha.

Laraba, da rana

Buroshinta yana nan a kofi. Ni da nake yi wa mutane faɗa su riƙa sauya buroshi, na kasa yar da wannan.

Juma'a, bayan na tashi daga aiki

Bari in rubuta yadda aka yi, ko zan daina maimaita shi a kaina.

A ofishin fasfo aka ce mana yarinya ba ta samun fasfo sai da sa hannun mahaifinta, tunda yana raye. Madam ta ja ni gefe ta ce, "Baban Aku, mu haƙura. Mu je ko'ina da mota ke zuwa. Mutumin nan shekara tara bai leƙo ba, kar ka tashe shi." Ni kuwa sarkin bin ƙa'ida na ce sa hannu ne kawai, minti nawa zai ɗauke shi? Yarinya ta ƙwallafa rai a kan teku, ni kuma na yi mata alkawari. Na bi ta wajen mutum uku kafin na samo lambarsa, har ina yaba wa kaina.

Ya zo. Ya zauna a falo da biro a aljihun gaba. Aku ta kawo masa ruwa ta durƙusa ta gaishe shi kamar kowane baƙo. Ya bi ta da kallo har ta shige, sannan ya ce zai yi tunani. Bayan mako guda ya dawo da yayyensa biyu.

Ranar da suka tafi da ita ba zan rubuta ta ba. Garin neman gira an rasa ido, shi ke nan.

Asabar, da hantsi

Na kira mahaifin. Ya ce tana wasa da ƙannenta. Na ce a kira ta mana. Na ji ya ƙwala mata kira, na ji shiru, ya dawo ya ce wai ta shiga wanka.

Wanka! Yarinyar da sai an yi dambe da ita kafin ta shiga banɗaki.

Litinin, da azahar

Maimakon in kira matar ofishin tafiyar sai na je da ƙafata. Ofishin ɗan ƙarami ne, a saman wani shagon sayar da tayoyi, kana hawa bene kana shaƙar warin roba. Ciki kuwa sanyi, an manna hotunan teku a ko'ina, har a jikin ƙofar banɗaki.

Na tafi da niyyar gaya mata gaskiya. Da na zauna sai na ji bakina yana tambaya ko akwai sauro a tsibirin. Ta ce ana feshi. Na ce ruwan nan da aka ce bai wuce gwiwa ba, gwiwar wa? Gwiwar babba ko ta yarinya 'yar shekara tara? Ta yi dariya ta ce za ta tambaya. Na ce akwai likita a kusa? Kwale-kwalen da ke ɗauko mutane daga filin jirgi yana da rigar ruwa daidai yara? Duk ta rubuta, baiwar Allah, ba ta nuna gajiya ba.

Ta ce, "Wannan yarinya ta yi dacen uba."

Na sha shayin da ta ba ni har ƙasa. A duk faɗin garin nan, wannan ɗakin ne kaɗai har yanzu ake ƙirga mu mu uku. Na daɗe ban tashi ba.

Laraba, da safe

Na sake kira, wai ta yi barci. Da ƙarfe tara na safe.

Alhamis, da yamma

An kawo mini wani yaro mai famfara, uwarsa duk ta tayar da hankali wai haƙori yana lilo. Na ce mata Hajiya, wannan ai ba ciwo ba ne, girma ne. Na taɓa shi da auduga ya faɗo a tafin hannuna. Yaron ya ce a ba shi abinsa zai nuna wa babansa.

Fiƙar Aku ta sama ta fara motsi kafin ta tafi. Ni na cire mata duk waɗanda suka fita a baya, a falo, tana zaune a cinyata tana ihun ƙarya. Ban san wanda zai cire wannan ba. Ina fata dai kada a ɗaura mata zare.

Sista ta ga na daɗe a wajen wanke hannu, sai ta ce wa na gaba ya ɗan jira.

Asabar, bayan la'asar

Yayan Madam ya zo. Mutumin kirki ne, amma irin mutanen nan ne da ke ganin kowace damuwa ana maganinta da canjin iska. Ya ce, "Ku ji nan, kayan aro dai kayan aro ne, kun yi iya yinku, Allah ya gani. Tunda kun riga kun shirya tafiya, ku juya ta zuwa wancan na ma'auratan. Ku je ku huta ku biyu. Ke ba shi kike so ba tun farko?"

Gaskiya ya faɗa. Ranar da muke zaɓe, a kan doguwar kujera, waya a hannuna, Aku a tsakiyarmu, Madam ta ga ɗakunan kan ruwa ta yi wata doguwar ajiyar zuciya ta ce, "Kai, wannan ai aljannar duniya ce." Na ce, "Sai haƙuri, da ba don wannan Akun ba da can za mu." Aku ta jefe ni da filo, muka yi ta dariya.

Yau ba wanda ya yi dariya. Madam ta miƙe ta kwashe kofuna, har da na Yaya da bai gama sha ba. Da yake fita ya riƙe hannuna ya ce, "Ka yi tunani dai." Kowa tunani.

Lahadi, da rana

Muna gida ɗaya, ita a ɗaki, ni a falo, talabijin yana ta yi wa kujeru magana. Da ma ta ce mini "ai na gaya maka". Da ta faɗa da na samu abin mayarwa, ko na ba da haƙuri, ko mu yi faɗa mu huce. Kewa nake ji, ta yarinyar da ta tafi da ta matar da ke ɗaki na kusa.

Talata, da azahar

Na koma ofishin. Matar ta samo mini amsa: gwiwar babba ce, amma akwai wani ɓangare da aka kewaye wa yara. Na ce to kifin wurin yana cizo? Ta ajiye biro ta dube ni.

"Likita, lafiya kuwa? Fasfon yarinyar har yanzu ban gani ba."

Na gaya mata. A gajarce, ina kallon hoton wata bishiyar kwakwa a bayan kanta. Ta yi salati a hankali. Can ta ce idan muna so za ta iya mayar da mu wancan tsibirin, akwai ɗaki ɗaya da ya rage, mai kallon faɗuwar rana. Ta ce ma'aurata da yawa suna zuwa can bayan wani abu ya same su. Ba ta yi nufin komai ba sai alheri, amma sai da na ji kamar in kife teburin.

Na ce ta bar shi yadda yake. Ta ce daga nan zuwa ƙarshen mako mai zuwa ne iyakar abin da za ta iya riƙewa.

Laraba, da yamma

Ban kira mahaifin Aku yau ba. In hana ta yake yi, ya ci gaba, Allah yana gani. In na sake jin "ta shiga wanka" zan faɗi abin da zai rufe ƙofar gaba ɗaya.

Juma'a, da safe

Na buɗe hotunan ɗakin kan ruwa a waya. Akwai tsani daga baranda zuwa cikin teku. Na yi ta ƙoƙarin hango mu a can, ni da Madam, kowa ya sa wa kifi ido kada ya kalli ɗan'uwansa.

Litinin, da azahar, na rufe ƙofar ofis

Sun zo.

Sista ce ta leƙo fuskarta wani iri ta ce, "Likita, Aku ce." Na fito da safar hannu a hannu ɗaya. Tana tsaye kusa da mahaifinta, an yi mata wani kitso da ban sani ba, kumatunta na dama ya kumbura. Ta ce, "Ina kwana, Likita."

Likita. Na amsa, me zan yi?

Mahaifin ya ce kwana uku ba ta cin abinci, sun je wani wuri ta ƙi buɗe baki, ta ce ita ba mai taɓa mata haƙori. Fiƙar ce. Sabuwar ta tsiro ta bayanta, tsohuwar ta maƙale, dasashi ya yi ja. Ta hau kujera da kanta, ta san inda ake ɗora kai. Na shafa maganin kashe zafi, na cire. Ba ihun ƙarya, ba na gaske. Na sa mata auduga na ce ta cije.

Wayarsa ta yi ƙara ya fita amsawa. Ina jera kayan aiki a faranti na ji ta yi magana ta cikin auduga.

"Har kun dawo?"

Na ce, "Daga ina?"

"Tsibirin da ba a karɓar yara."

Na ce ba mu je ko'ina ba, wa ya ce mata za mu can? Ta kalli fitilar da ke saman kanta ta ce, "Ai Mama can take so. Ka ce da ba don ni ba da can za ku. Sai ka kira Abba ya zo ya ɗauke ni."

Na zauna a kan kujerar Sista. Na ce mata wasa nake yi ranar, ai har ta jefe ni da filo. Na ce sa hannu kawai na nema don a yi mata fasfo. Na yi ta magana, na rantse, ni da ba na rantsuwa. Ta gyaɗa kai irin yadda majinyata ke gyaɗa mini idan na ce su daina shan zaƙi.

A waje na tare mahaifin, na tambaye shi ko shi ke hana ta waya. Ya ce, "Wallahi Yaya, ni nake bin ta da wayar har ɗaki. Ita ke ƙi. Kunyar gaya maka nake ji." Sannan ya ƙara da abin da ban tambaya ba. Ya ce shekarun nan duk kunya ce ta hana shi zuwa, da ban kira shi ba da har yau bai samu fuskar tako gidana ba, yana gode mini. Ya gode mini! Makonni ina gina masa ƙahoni a kaina, ashe wani siririn mutum ne mai tsohon takalmi da yake son 'yarsa.

Litinin ɗin dai, da yamma

Na gaya wa Madam a kicin, tana yanka albasa. Ta ajiye wuƙar. Ta ce in maimaita abin da yarinyar ta ce, na maimaita. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta jingina da kabad, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka tafi da ita.

Da ta lafa ta ce, "Ina ta ɗora maka, ashe ni na fara. Ni na yi ajiyar zuciyar nan a gabanta."

Na ce ni na yi maganar. Muka zauna a ƙasan kicin muna jayayya a kan wanda ya fi laifi, kowa yana ja wa kansa. Rabon da mu yi magana mai tsawon wannan har na manta. Shinkafar ta ƙone.

Laraba, da safe

Na je wajen aikin mahaifin Aku na same shi. Ban roƙe shi ya dawo mana da ita ba, na ga idonsa, na san amsar. Na ce ya ba mu aron ta mako ɗaya a hutun makaranta. Ya daɗe yana juya biro. Ya ce, "Mako ɗaya, Yaya. Kuma ta dawo." Na ce ta dawo. Ya sa hannu. Minti nawa ya ɗauke shi.

Madam ta ce za ta je. Ta ce, "Amma in mun sauka kai za ka mayar da ita. Ni ba zan iya sau biyu ba."

Juma'a, bayan la'asar

Na ɗauko Aku daga gidansu na kai ta ofishin tafiyar. Madam ba ta biyo mu ba. A mota yarinyar ta zauna a baya, ta haɗa gwiwoyi, tana tura harshe cikin giɓinta. Duk tambayar da na yi, "lafiya lau".

Muna shiga matar ta miƙe tsaye. "Ke ce Aku? Zo nan in gan ki, ke da aka hana ni sakat saboda ke! Babanki ya kusa sa ni ajiye aiki. Yau sauro, gobe zurfin ruwa, wai gwiwar wa aka auna. Har cewa ya yi in tambayo ko kifi na cizo! Masu otal ɗin yanzu da sun ga lambata sai su ce, to me kuma baban yarinyar nan yake so?"

Aku ta dube ta, ta dube ni. Ta ce, "Yaushe?"

"Makon jiya ma yana nan a kan kujerar nan. Na ce ya koma na kan ruwa, ya harare ni kamar na zage shi."

Aku ta sake dubana. Can ta matso ta tsaya a jikin kujerata, kafaɗarta tana taɓa tawa, ta ce wa matar, "Kifin yana cizo?" Matar ta ce a'a. Aku ta ce kunkurun fa, ana taɓa su? Daga nan sai bakin ya buɗe. Ta tambayi ko teku yana da ƙarshe, ta ba matar labarin ƙaninta da ya haɗiye maɓalli, ta nuna mata giɓi. Ban ce ta bar kunnen kowa ya sha iska ba.

Tsakiyar surutun ta juyo. "Baba, in mun dawo fa? Gidan wa za ni?"

Na so in ce sai mun gani. Na ce, "Gidan Abbanki. Amma duk Asabar zan zo, in ya yarda."

Ba ta yi kuka ba. Matar ta yi gyaran murya ta ce saura abu ɗaya, ɗaki biyu za a ba mu masu ƙofa a tsakani, ko babban ɗaki ɗaya da ƙaramin gado a gefe? Na buɗe baki zan ce biyu, yarinya ta girma. Aku ta riga ni.

"Ɗaya."

Na mayar da ita. Ƙaninta yana bakin ƙofa yana tsalle yana kiran "Yaya! Yaya!" Ta sauka da gudu, ta ɗauke shi, ta ɗaga mini hannunsa, suka shige.

Da na iso gida Madam tana tsaye a waje, ita ta buɗe mini get. Na sauke gilashi na ce an tabbatar, mu uku. Ta ce to. Sannan ta sunkuya ta leƙa kujerar baya, alhali ta san babu kowa.